Rumbun Baba Injiniya

A ofishinmu ba a cewa an ajiye aiki a kwamfuta, sai dai a ce an zuba a rumbu. Rumbun nan wata folda ce da take fitowa a gefen hagu na kowace kwamfuta ta sashenmu, da 'yar alamarta koriya. Wanda ya gama rahoto ko taswira can yake jefawa, mai nema kuma can yake zuwa ya ɗauka. Ita kanta foldar tana cikin wata babbar na'ura da ake kira saba, a wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, ɗakin da sanyin esinsa, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya fi na ofishin darakta. Mukullin ɗakin yana jakata, amma ikon buɗe wa ma'aikaci asusun shiga ko rufe masa yana hedikwata, can cikin gari.

Hukumarmu ƙarama ce, aikinmu haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan da ke kewaye da Abuja. Ni ce mai kula da kwamfutoci. Ma'ana, in firinta ta cinye takarda ni ce, in wani ya manta kalmar sirrinsa ni ce, in an ɗauke wuta ma akwai masu leƙowa su tambaye ni yaushe za a kawo. Ba ni da dogon haƙuri, kowa ya sani, ni ma na sani, amma ina son aikina.

Wanda ya raɗa wa foldar suna rumbu shi ne babban injiniyanmu, wanda kowa yake kira Baba Injiniya. Dogo ne, siriri, mai furfura a gemu, kullum da kaftani da hula, takalmin robarsa na shiga gona kuma yana bayan mota. Yana da wata ɗabi'a ta rubuta lambarsa ta ma'aikaci a jikin duk abin da ya mallaka: filas ɗin shayinsa, lemarsa, tef ɗin awo, har butar alwala. Ya ce a ofishin gwamnati abin da ba shi da lamba na kowa ne. Mu mata duka 'yata yake ce mana, har da Hajiya mai buga takardu, wadda ko shekara biyar bai ba ta ba.

Na tarar da rumbu yana aiki lokacin da aka yi mini canji zuwa wannan ofis, kuma abin da yake aiki ba na taɓa shi. Duk ranar da aka kawo sabuwar kwamfuta, ni zan haɗa ta, in saka mata abin da take buƙata, sannan Baba ya zo da kansa ya haɗa ta da rumbu. Karon farko na ce masa ya bari zan yi, ai aikina ne. Ya yi murmushi ya ce in bar shi, wannan aikin tsofaffi ne. To me zan ce? Na tashi na ba shi kujera. Da ya ɗora yatsu a kan madannai sai na juya ina kallon mangwaron da ke bayan taga, don ba a tsaya wa babba a ka yana rubuta sirrinsa. Haka kowa yake yi. Ka miƙe, ka ba shi wuri, ka kau da kai, in ka juyo ka ga alamar koriya ta fito, ka yi godiya. Ban taɓa jin wanda ya tambaye shi me ya rubuta ba.

Baba ya rasu bayan 'yar gajeruwar rashin lafiya, ana shirin shiga bazara. A gidansa da ke Dutse Alhaji aka yi zaman makoki. Abin da ba zan manta ba shi ne wata bas da ta tsaya a bakin layi, mutane suka yi ta fitowa, maza da mata, da doya da buhun dawa. Daga wani ƙauye suke, gaba da Paikon Kore. Sau biyu 'yan kwangila suna haƙa musu rijiya ana tarar da dutse busasshe, matansu kuwa tafiya mai nisa suke yi zuwa wani rafi da ke ƙafewa da rani. Baba ya yi ta zirga-zirga wurinsu da na'urar binciken ƙasa har ya gano wani ɗan tsagi a cikin dutsen inda ruwa yake, ya ce musu in an kauce masa da taku kaɗan an yi asarar haƙa ta uku. Ya kafa turaku, ya koma ofis ya zana, kafin a tura injin haƙa kuma Allah ya karɓi abinsa.

A wurin ta'aziyyar nan, mataimakin Baba ya durƙusa gaban mai garin ya ce masa aikin ba zai mutu tare da Baba ba. Mataimakin nan Bagwari ne daga wajen Gwagwalada, mutum mai sanyin magana, Hausarsa irin ta Abuja, wadda mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Na girme shi, don haka Anti yake ce mini. Ba mai yawan alkawari ba ne, shi ya sa wannan ya zauna masa a rai. Ya bi layi ya bi layi har aka ba shi injin haƙa na mako guda kafin ruwan sama ya sauka, domin da zarar damina ta kama hanyar ƙauyen ba ta ɗaukar babbar mota, injin kuma an riga an tsara zai wuce wajen Abaji.

Ana nan, wata Litinin na shigo ofis, ko jakata ban ajiye ba na ji Hajiya mai buga takardu tana kirana. Rumbu ya ƙi buɗewa. Alamar koriya ta koma ja, in ka danna sai kwamfutar ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ce ba a iya isa wurin ba. Kafin in gama duba tata, na ofishin kuɗi ya leƙo, sai na taswira, sai mataimakin Baba, wanda ya tsaya a bakin ƙofa. Ya zo ne ya buga taswirar ƙauyen da lambobin wurin haƙa don ya miƙa wa masu injin.

Na tambaye shi ko yana da kwafi a wani wuri. Babu. Na'urar binciken ta riga ta shafe tsohon awo da sababbi, kuma an ba da aronta ga wata jiha. Turakun da Baba ya kafa kuwa, manoma sun yi sharar gona sun ƙone ciyawa, babu ko ɗaya a tsaye. Ya ce ya san gonar, amma sanin gona daban, sanin inda za a dasa bakin injin daban. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, irin wannan kafin azahar an gama. Da gaske nake har zuciyata, don na saba.

Na fara daga inda ake farawa. Na duƙa ƙarƙashin tebur na duba waya, na cire na mayar. Na je ɗakin saba, na tarar da ita tana gurnaninta yadda ta saba, fitilunta duka kore, esi yana aiki. Na dawo na aika mata saƙon gwaji daga kwamfutata, ta amsa nan take. To hanya lafiya ke nan, na'ura ma lafiya. Na gwada foldar sanarwa da hedikwata take zuba mana takardu, wadda take cikin sabar nan ɗaya, ta buɗe ba gardama. Rumbu kaɗai ne ya juya mana baya.

Na ofishin kuɗi, wanda yake ganin ya san komai saboda wayarsa mai tsada ce, ya tsaya a kaina yana ba ni shawara in kashe in kunna. Na ce masa na kashe na kunna. Ya ce in sake. Na ɗago na dube shi, na ce in ya ga na zo ofishinsa ina koya masa lissafin albashi, ranar ya zo ya koya mini kashewa da kunnawa. Ya fita yana cewa daga taimako. Daga baya na kai masa ƙosai, amma a lokacin kaina ya ɗau zafi.

Zargina ya koma kan sabuntawar da kwamfutoci suke yi wa kansu a ƙarshen mako. Na taɓa ganin irin haka a tsohon ofishina: kwamfuta ta waye gari ta daina jin tsohon yaren da saba take magana da shi. Na ɗauki wannan hanya na bi ta da zuciya ɗaya. Na mayar da kwamfutata yadda take kafin sabuntawar, na kunna abin da nake zaton an kashe, na kashe abin da nake zaton ya tare hanya. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Duk wanda ya gifta ta ƙofata sai ya rage tafiya ya leƙo, ni kuma in yi kamar ban gan shi ba. Aka tashi ranar ba mu da rumbu. A hanyar gida, cikin cunkoson motoci, na ji haushin kaina sosai, ba don na kasa ba, sai don na yi wa mataimakin Baba alkawarin azahar.

Washegari na canja dabara. Na bar kwamfutata na koma ta Hajiya, wadda ta fi kowace tsufa a ofishin, don ita ko sabuntawar ba ta karɓa. In har ita ma ta ƙi, to laifin ba na sabuntawa ba ne, kuma tun jiya ya kamata in lura da haka, tunda ita ta fara kirana. Hajiya ta koma gefe da carbinta tana kallona. Na shiga wani lungu na kwamfutar, inda take adana sunaye da kalmomin sirrin da aka ce ta riƙe don kada ta riƙa tambaya kullum. Na yi tsammanin zan ga lambar Hajiya a gaban rumbu. Lambar da na gani ba tata ba ce, amma na san ta. Na sha ganinta a jikin filas da lema da butar alwala.

Na tashi na shiga ofishin taswira, na duba tasu. Lambar Baba. Na duba ta ofishin kuɗi, na duba ta sakataren darakta, na dawo na duba tawa. Ko'ina Baba ne. Shekara da shekaru, duk wanda ya buɗe rumbu a ofishin nan, da sunan Baba yake shiga bai sani ba. Sai na bi sunan rumbu na tono ainihin adireshinsa, wanda ba ya fitowa a fili. Bai bi ta wurin foldojin sashe ba sam. Ya bi ta inda ake ba kowane ma'aikaci ɗan wurin ajiyarsa na kansa, ya ƙare a kan lambar nan dai. Ashe rumbu ba na ofis ba ne. Ɗakin Baba ne, ya buɗe mana.

Na koma na zauna a kujerar Hajiya na gaya mata abin da na gani. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce ta tuna. Tun zamanin wani darakta da ya wuce, Baba ya nemi hedikwata ta ba sashen wurin ajiya na bai ɗaya, aka yi ta cewa ana dubawa. Rannan kawai sai ya zo ya zauna a teburinta ya ce an samu. Ita ma tashi ta yi ta ba shi wuri.

Na kira ɗakin kwamfuta na hedikwata. Wanda ya ɗauka wani mutumin Kudu ne da muka saba, mai son yi mini Hausa ko da Turanci na fara. Ya duba ya ce eh, an rufe asusun ranar Juma'ar da ta wuce, da takardar rasuwa ta iso musu. Na yi mamakin jinkirin, sai daga baya na ji cewa daraktanmu ne ya riƙe takardar a aljihun teburinsa har aka yi sadakar arba'in, don a ganinsa bai dace a yi saurin goge sunan mutum ba. Ina shirin yin ajiyar zuciya, tunda an gano ciwon, sai mutumin ya ƙara da wata magana.

"Madam, wannan folda na mutum ɗaya ne. Ƙarshen wata injin zai share shi da kansa. Kuma ba mu ajiye kwafi na irin wannan."

Ƙarshen wata kuwa a cikin makon nan yake. Ya ce zai iya dakatar da sharewar, ya buɗe asusun na ɗan lokaci, amma sai daraktanmu ya sa hannu.

Na ɗauka wannan shi ne mafi sauƙi. Darakta dattijo ne mai natsuwa, abokin Baba tun suna samari a ma'aikata. Na shiga na gaishe shi, na zayyana masa komai, mataimakin Baba yana tsaye a bayana. Ya saurara har na gama, ya cire tabarau ya goge, sannan ya ce ba zai sa hannu ba tukuna. Abin da yake da sunan mamaci, in ji shi, na magada ne har sai sun ce ba nasu ba ne. Ba mu san me marigayi ya ajiye a ciki ba banda aikin ofis. Ba zai ba da umarni a buɗe akwatin mutum iyalinsa ba su sani ba.

Na ce, ranka ya daɗe, aikin sashe ne gaba ɗaya a ciki, kuma mu duka muna shiga muna fita a akwatin nan kullum. Ya ce da yana raye ne, shi ya buɗe mana da hannunsa, yanzu kuwa ba ya nan. Na buɗe baki zan ƙara, sai na fasa, don na san ko ni aka ce za a buɗe wayata bayan raina zan so a tambayi 'ya'yana. Ya ce matar Baba tana takaba, maza ba za su shiga wurinta ba, ni ce zan je.

Da hantsin Laraba muka kama hanyar Bwari, mataimakin Baba yana tuƙi. Zafi ake yi mai nauyi, irin wanda ke zuwa gab da saukar ruwa, kuma na lura yana yawan ɗaga kai yana duban sama ta gilashi. Wayarsa ta yi ƙara sau biyu, ya duba ya kife ta. Mutanen ƙauyen ne. A Dutse Alhaji muka bar titi muka shiga lungu, muna kauce wa masu kura da jarkokin ruwa. A ƙofar gidan Baba ma mun tarar da wani mai ruwa yana sauke jarkoki. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana nemo wa ƙauyuka ruwa, a gidansa saya ake yi. Mataimakin ya zauna a dakali wurin ƙanen marigayi, ni na yi sallama na shiga.

Na tarar da ita a kan tabarma a falo, cikin hijabi mai ruwan toka, ta rame amma idonta a bushe. Tsohuwar malamar firamare ce. Na sake yi mata gaisuwa, muka yi addu'a, aka kawo mini ruwa. Sai na rasa ta inda zan fara, don ban san yadda ake yi wa mai takaba bayanin saba da asusu ba. Na ce mata, Mama, kamar a ce gwamnati ta ba kowane ma'aikaci ɗaki ɗaya, sai Baba ya ga ofis ba shi da sito, ya buɗe nasa ya ce kowa ya kawo kaya. Yanzu an kulle ɗakin, kayanmu suna ciki, nasa ma suna ciki, kuma ana shirin rushe shi.

Ban yi zaton za ta yi dariya ba, amma ta yi, 'yar ƙarama, har ta sa gefen hijabi ta rufe baki. Ta ce in tashi in leƙa ɗakin da ke kusa da kicin. Na leƙa. Keken ɗinki na maƙwabciya, buhunan wani mai shago da ruwa ya taɓa shiga shagonsa, katifar wani ɗalibi da ya tafi bautar ƙasa, akwatunan da ita kanta ba ta san masu su ba. Ta ce tun da aka yi rasuwa mutane suke zuwa ɗaya bayan ɗaya, cikin jin nauyi, suna cewa akwai ɗan kayansu a wurin Malam. Ta kira babban ɗansu a waya a gabana ta gaya masa, ya ce duk abin da ta yanke ya yi. Sannan ta juyo gare ni.

"Ku buɗe, 'yata. Abin da yake na mutane ku ba mutane. Abin da yake nasa kuwa, ke kaɗai za ki gani, ki kawo mini."

Kafin la'asar darakta ya sa hannu. Mutumin hedikwata ya dakatar da sharewar, ya buɗe asusun, ya ce ya damƙa shi a hannuna zuwa ƙarshen mako mai zuwa, in na gama kwashewa in rufe da kaina. Ban taɓa komai ba, ina zaune, sai na ga alamar ja ta koma koriya. Daga ofis zuwa ofis haka ta riƙa komawa. Na ɗauka za a yi shewa, amma ba wanda ya yi. Yanzu kowa ya san da sunan wa yake shiga. Na jiyo Hajiya tana cewa Allah ya haskaka kabarinsa, wasu suka amsa daga baranda.

Mataimakin Baba ya sami taswirar a inda ya san take, da lambobin wurin haƙa, da zanen dutsen da ɗan tsagin da ke cikinsa. Ya buga kwafi uku, ya tura wa kansa a waya, ya tura mini, ya ce ko gobara aka yi ba za a sake ba. Washegari da sassafe ya bi motar injin zuwa ƙauyen.

Ni kuma na zauna tsintar kaya. A wannan karon hedikwata ba ta ce ana dubawa ba, a yini ɗaya suka ba mu wurin ajiya na sashe, mai kwafi, wanda kowa zai shiga da sunansa. Na riƙa kwashe folda bayan folda ina mayarwa can. Ina tsoron abin da zan tarar na Baba, kada in ga abin da bai kamata in gani ba. Ashe ɗan kaɗan ne. Hotunan jikoki ranar suna, hoton fasfo ɗinsa, da wata folda ta muryoyi. Baba ba ya son rubutu a cikin rana, don haka in yana awo sai ya kunna waya ya riƙa faɗin lambobin da baki. Na sa abin ji a kunne na buɗe na ƙauyen nan. Ga iska, ga kukan awaki, ga muryarsa yana karanto lambobi a hankali, ya yi tari, ya ce wa wasu su matsa daga kan wayar na'urar awo kada su taka. Can sai ya ce, nan ne, in Allah ya yarda nan ne. Na cire abin jin na kifa kaina a tebur na yi kukana, wanda ban samu na yi ba ranar rasuwar. Muryoyin nan aiki ne, kuma nasa ne, don haka na bar kwafi a sabon rumbu, na zuba wani a filash, ɗan abin ajiyar da ake soka wa kwamfuta, na kai wa Mama ranar Asabar. Ba ta saurara a gabana ba, ta dai sa shi a cikin hijabinta.

Sauran aikin shi ne bin tebur tebur ina goge lambar Baba daga kwamfutoci. Duk teburin da na je, mai shi sai ya miƙe ya ba ni kujera ya juya yana kallon bango. Na ce wa na farko ya dawo ya zauna, ya rubuta tasa kalmar da hannunsa, kuma ya dubi abin da nake yi. Na biyu ma haka. Da na zo kan na ofishin kuɗi, shi ma ya miƙe, na ce masa yau ga ranar kashewa da kunnawa ta zo, ya zauna ya nuna mini gwaninta. Rabinsu sun manta kalmar sirrinsu ta shiga saba, don ba su taɓa buƙatarta ba.

Zuwa Litinin na gama komai. Babu abin da ya rage a ɗakin Baba, babu kwamfutar da take shiga da sunansa. Abin da ya rage kawai in rufe asusun, aikin da bai fi danna abu biyu ba. Na buɗe wurin, na duba lambar, na rufe wurin. Mutumin hedikwata ya kira ya ce, Madam, ka rufe shi? Na ce tukuna. Ba ni da hujjar da zan ba shi, shi ma bai nema ba. Labarin da ke zuwa daga ƙauye shi ne injin yana cin dutse, ƙura fara kawai take fitowa, hadari kuma yana haɗuwa ta gabas kowace yamma ya watse. Na kasa rufe wa mutumin nan ƙofa alhali abin da ya ce yana nan bai fito ba tukuna.

Ranar Laraba bayan azahar wayata ta yi ƙara. Da na ɗauka ban ji magana ba, sai rugugin inji da hayaniyar mutane da guɗar mata daga nesa. Na yi ta cewa ina ji, ina ji. Can muryar mataimakin Baba ta fito.

"Anti, ruwa ya zo. Daidai wurin da Baba ta ce."

Na ce alhamdu lillahi, shi ma ya ce, daga nan ya kashe. Na ɗan zauna. A waje iska ta fara kaɗa mangwaron bayan taga, sama ta yi duhu ta wajen Bwari. Na jawo madannai na buɗe asusun Baba, na zaɓi rufewa. Kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce Allah ya jiƙanka, Baba, ya sa ka huta, na danna.

Sai da na ji sallamar Hajiya a bakin ƙofa na lura a tsaye nake, na matsa gefe na bar kujerar ba kowa, fuskata tana kallon taga.